Daga Windows 10 zuwa 11: inda kwamfuta ke maƙalewa, da yadda ake dawo da ita ba tare da an rasa fayiloli ba

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, babbar manhajar da ya fitar tun watan Yulin 2015. Kwamfutar da ke ɗauke da ita ba mutuwa ta yi ba, tana tashi tana aiki kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro da ake aiko mata duk wata, in ban da wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi da ya kai har 13 ga Oktoban 2026. Wannan ne ya tura ɗimbin mutane neman hawa Windows 11, wasu da son ransu, wasu kuma don saƙon da ke ta fito musu a allo ya ishe su. Galibi ana hawa lafiya. Amma wanda tasa ta tsaya a tsakiyar hanya, ta riƙa mutuwa tana tashi, ko ta kawo shuɗin allo, ko ta nemi wasu lambobi 48 da bai taɓa jin labarinsu ba, shi kam bai damu da cewa galibi ana hawa lafiya ba. Furojet ɗinsa na shekarar ƙarshe yana ciki, ko lissafin shago na shekara biyar, ko hotunan mahaifinsa da ya rasu.

Abin da nake so a fahimta shi ne, yawancin asarar da ake yi a irin wannan hali a wajen gyara take faruwa. A lokacin da kwamfuta ta ƙi tashi, fayilolin mai ita suna nan daram a kan diski. Sai an kai ta shago an ce masa "Yallaɓai, wannan sai fomatin," ya amsa don bai san akwai wata hanya ba, sannan suke tafiya. Saboda haka ya kamata a san abin da ke gudana a cikin na'urar tun daga lokacin da aka danna maɓallin amincewa.

Hawa daga wata Windows zuwa wata ya sha bamban da sabunta WhatsApp a waya. Ya fi kama da sauya wa gida tushe da rufi alhali mutanen gidan suna ciki da kayansu. Aikin yana tafiya ne a matakai huɗu. A na farko tsohuwar Windows ce ke aiki, tana duba na'urar, tana sauko da sabuwar, tana tara ta a wata ɓoyayyiyar folda mai suna $WINDOWS.~BT. A na biyu kwamfutar za ta mutu ta tashi a cikin wata 'yar ƙaramar Windows ta wucin gadi, wadda ita ce za ta kwashe tsohuwar gaba ɗaya ta zuba a foldar Windows.old, ta shimfiɗa sabuwar a gurbinta. A na uku sabuwar za ta yi tashinta na farko, ta fara neman direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa ta da sikirin da sauti da Wi-Fi da firinta da shi kansa diskin. A na huɗu ne ake kammala mayar wa mutum saitinsa da manhajojinsa, a yi masa maraba.

An gina tsarin ta yadda in abu ya ƙi a ɗaya daga cikin matakan nan, zai warware abin da ya yi ya koma inda ya fito. Shi ya sa mutum kan ga rubutu cewa ana janye sauye-sauyen da aka yi, ya jira awa guda ko fiye, ya tsinci kansa a tsohuwar Windows ɗinsa tare da wata lamba mai ban tsoro. Wadda aka fi gani ita ce 0xC1900101, kuma ma'anarta kawai an gwada an fasa an koma baya, yawanci saboda wani direba da bai jitu da sabuwar ba. Lamba ta biyu da ke biye da ita ta fi amfani. Alƙaluminta na farko yana nuna matakin da aka faɗi: 0x20017 a mataki na biyu ne, 0x30018 a na uku, 0x4000D a na huɗu. Microsoft na da wata 'yar manhaja kyauta mai suna SetupDiag da ke karanta bayanan da aikin ya bari ta faɗi abin da ya jawo faɗuwar. Sau da yawa laifin na tsohuwar manhajar kashe bairos ne, ko na wata na'ura da aka bari a jone, kamar firinta ko modem ko filash, ko kuma diskin ne ya cika. Wanda ya ga wannan lamba kuma kwamfutarsa ta koma tana aiki, ba abin da ya ɓace masa. Tsarin ya yi abin da aka gina shi ya yi.

Matsalar gaske tana farawa ne in an katse shi yana tsakiyar aiki, a nan kuwa halin da muke ciki ya shigo. Mataki na biyu da na uku su ne mafi haɗari, domin tsohuwar ta riga ta tashi daga wurinta, sabuwar ba ta gama zama ba. Kwamfutar tebur ba ta da batir. In aka ɗauke wuta a daidai wannan lokaci babu UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe ta na ɗan lokaci, za ta iya tashi ba ta san wace ce ita ba. Laftof ma ba ta tsira ba, tunda yawancin na hannu da ake sayarwa batirinsu ya riga ya gaji. Akwai kuma katsewar da mutum ke yi da hannunsa: ya ga allo ya tsaya a kan kashi ɗaya na minti arba'in, ya ɗauka ta sandare, ya danne maɓallin wuta. A kan tsohon diski mai juyawa da ram ɗin da bai wuce gigabait 4 ba, irin wannan jinkiri ba baƙon abu ba ne. Ga kuma data. Fayil ɗin girka Windows 11 ya haura gigabait 5, wanda kuma ke jona kwamfuta da wayarsa ya san abin da hakan ke nufi ga aljihunsa, balle in ta fasa ta ce a sake daga farko.

Sai batun sharuɗɗa, wanda shi ne ya fi ɗaure wa mutane kai. Windows 11, da ta fito ranar 5 ga Oktoban 2021, ba ta karɓar kowace na'ura. Tana neman ram gigabait 4 da diski gigabait 64, waɗannan masu sauƙi ne. Masu wuyar su ne TPM 2.0, wani ɗan sashe da ke adana mabuɗan sirri, da tsarin tashi na zamani wato UEFI mai iya Secure Boot, da firosesa daga zubi na 8 na Intel ko Ryzen 2000 na AMD zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe. Yanzu a dubi irin laftof ɗin da suka cika kasuwanninmu, daga Computer Village a Ikeja har titin Beirut a Kano. HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470 da ThinkPad T460 duk 'yan zubi na 6 ne. EliteBook 840 G4 zubi na 7 ce. Sai an kai G5 ko T480 kafin a shiga sahun waɗanda aka yarda da su. Na'urori ne masu ƙarko da kamfanonin Turai da Amurka suka gama da su suka sayar, ɗalibai da masu shagon buga takardu kuma suka dogara da su. Lafiyarsu ƙalau, an dai ja layi ne ya bar su a waje. A ganina wannan layin ya fi cutar wanda ba shi da halin sayen sabuwa, kuma babu wata ƙasa da ta fi irin namu yawan waɗannan mutane.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kowace da ramukanta.

Ta farko ita ce ta wanda na'urarsa ta cika sharuɗɗa amma aka kashe wasu abubuwan a BIOS, wato allon saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ta tashi. Kwamfutocin tebur da yawa sun zo da TPM a kashe. Kunna shi ba wuya, a na Intel sunansa PTT, a na AMD kuma fTPM. Inda ake faɗawa rami shi ne wajen sauya tsarin tashi. Diskin da aka girka wa Windows a tsohon tsari yana da jadawalin rabo irin na MBR, shi kuwa UEFI irin na GPT yake karantawa. In mutum ya shiga BIOS ya juya daga Legacy zuwa UEFI bai fara sauya diskin ba, kwamfuta za ta ce masa ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Hankali ya tashi, a ce diski ya ƙone. Alhali in aka koma BIOS aka mayar da saitin yadda yake, za ta tashi sumul. Akwai umarnin MBR2GPT da ke cikin Windows 10 tun 2017 wanda ke yin sauyin ba tare da goge komai ba, shi ake fara gudanarwa kafin a taɓa BIOS. Haka ma wanda ya juya saitin diski tsakanin AHCI da RAID zai gamu da shuɗin allo mai cewa ba a iya kaiwa ga diskin tashi ba, maganinsa kuma mayar da saitin ne kawai. A cikin BIOS ɗin akwai wani zaɓi na share TPM. Wannan kada a kusance shi sai an tabbatar mabuɗin BitLocker yana hannu, zan zo kan dalili.

Hanya ta biyu ta masu tsallake shinge ce. Da manhaja irin Rufus ana iya haɗa filash ɗin da zai girka Windows 11 a kan na'urar da ba ta cika sharuɗɗa ba, kuma haka ake yi a shaguna da yawa. Tana hawa, tana aiki, mai saye ya ga Windows 11 ya yi murna. Abin da ba a faɗa masa shi ne Microsoft ya bayyana cewa irin wannan na'ura ba ta da tabbacin ci gaba da samun sabuntawa, kuma babban zubin da ke fitowa shekara-shekara ba ya zuwa mata da kansa. Kowane zubi na Home da Pro wata 24 ake kula da shi. Zubin 23H2, alal misali, wa'adinsa ya ƙare ranar 11 ga Nuwamban 2025. Wato bayan shekara biyu mutum zai koma inda ya gudo, sai an sake tsallake masa shingen da hannu, tare da duk haɗarin da ke ciki. Tsofaffin firosesa irin Core 2 Duo kuwa, daga zubin 24H2 ko an tsallake ba za su tashi ba, domin akwai wani umarni mai suna POPCNT da ba su san shi ba.

Akwai wani ɗan ƙaramin tarko da ya shafe mu musamman. Laftof ɗin da aka kawo daga Ingila sau da yawa Windows ɗinta ta Turancin Ingila ce, filash ɗin mai gyara kuma na Turancin Amurka ne. In harshen bai zo ɗaya ba, zaɓin da ke cewa a bar wa mutum fayilolinsa da manhajojinsa zai dusashe ya ƙi dannuwa. Mai gaggawa sai ya danna wanda ya rage ya wuce, bai karanta ba.

Kada a ɗauka duk laifin na mai amfani ne ko na wutar lantarki. Shi kansa kamfanin ya sha fitar da abin da ya lalata wa mutane na'ura. Mafi muni a tarihin Windows 10 shi ne zubin 1809 da aka saki ranar 2 ga Oktoban 2018, aka janye shi cikin 'yan kwanaki bayan mutane sun fara kukan cewa foldar takardunsu ta wayi gari fayau. Abin da ya faru shi ne, wasu sun taɓa sauya wa foldar Documents mazauni zuwa wani diski ko OneDrive, wato ma'ajiyar Microsoft ta intanet, amma sun bar fayiloli a tsohon wurin. Sabon zubin ya zo da dabarar share tsofaffin foldojin da ya ɗauka babu komai a ciki, ya share har da masu kaya. Masu gwajin farko sun kai rahoton abin tun kafin a sake shi, rahoton ya nutse a cikin dubban wasu. Sai 13 ga Nuwamba aka sake fitar da shi. Shawarar da Microsoft ya ba waɗanda abin ya shafa a lokacin ita ce su rage amfani da na'urar, kuma shawara ce da ta dace da kowane irin ɓatan fayil. Fayil ɗin da aka goge ba ya barin diski nan take, ana dai yi wa gurbinsa alamar cewa babu kowa, duk abin da aka ƙara rubutawa yana iya hawa kansa. A kan diskin SSD lamarin ya fi tsanani, domin shi da kansa yake bi yana wanke guraben da aka ce masa an bari, cikin ɗan lokaci kaɗan.

Zubin 24H2 na Windows 11 da ya fito ranar 1 ga Oktoban 2024 ma ya zo da nasa. Masu wasu diskokin Western Digital, irin SN770 da SN580, sun riƙa samun shuɗin allo har sai da kamfanin diskin ya fitar da gyara. Shi ya sa Microsoft kan riƙe sabon zubi ya hana shi zuwa na'urar da aka san tana da matsala da shi. Wanda ya ga maƙwabcinsa ya samu shi bai samu ba, ya je ya tilasta ta da filash, sau da yawa katangar da aka gina don kare shi ya haura. A watan Agustan 2024 kuma wani facin tsaro ya hana Linux, wata babbar manhaja kishiyar Windows, tashi a kwamfutoci da dama masu ɗauke da su biyun, duk da an ce ba zai taɓa su ba.

To, in abin ya riga ya faru, ta ina ake komowa? Ƙofofi uku ne, kowace kuma tana da yadda take rufewa ba tare da mai na'ura ya sani ba.

Ta farko ita ce Windows.old. Muddin foldar nan tana nan, akwai maɓallin Go back a sashen Recovery na saiti da zai mayar da mutum tsohuwar Windows da manhajojinsa. Kwana goma kacal take yi. Da can wata guda ne, a 2016 aka rage. Bayan nan tsarin zai share ta da kansa don ya sami fili, manhajojin share datti ma suna cinye ta tun kafin lokacin. Kwana goma kuwa ba su isa a gane duk wata matsala ba. Mai shagon buga takardu zai iya kai mako uku kafin ya gano tsohuwar sikanarsa ba ta da direba a sabuwar, akawu kuma sai ƙarshen wata zai buɗe manhajar albashi. Ana iya tsawaita wa'adin har kwana 60 da umarni ɗaya, DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60, amma sai an yi shi kafin goman su cika. Ina ganin ya kamata duk mai yi wa mutane wannan aiki ya mayar da shi al'ada. Ko maɓallin ya ƙi aiki, in foldar tana nan yana da kyau a leƙa Users da ke cikinta, a kan tarar da abin da ake nema.

Wani lokacin ma fayilolin ba su je ko'ina ba. A watan Fabrairun 2020 wani faci ya riƙa shigar da mutane cikin asusun wucin gadi, su ga allonsu wayam kamar sabuwar kwamfuta, alhali ainihin foldarsu tana cikin Users an ɗan sauya mata suna. OneDrive ma kan kwashe Desktop da Documents ya mayar ƙarƙashinsa, mutum ya duba inda ya saba bai gani ba.

Ƙofa ta biyu ita ce ɗakin gyara na Windows, wanda ake kira WinRE. Yana zaune a wani ɗan yanki na diski da ba a gani. Yana buɗewa da kansa in kwamfuta ta kasa tashi sau biyu a jere, ko in an riƙe Shift aka danna Restart. A ciki akwai gyaran tashi, da cire sabuntawar da ta gabata, da Safe Mode, wato tayar da Windows da abubuwan da suka zama dole kaɗai, da baƙin allon rubuta umarni. Sai dai shi ma ɗakin yana lalacewa. A watan Janairun 2024 facin KB5034441 ya riƙa faɗuwa a kwamfutoci masu yawa da lambar 0x80070643 saboda yankin ya yi ƙanƙanta, yana buƙatar fili megabait 250, aka ce wa talakawan masu amfani su faɗaɗa shi da hannu ta hanyar rubuta umarni, aikin da kuskure ɗaya a cikinsa ke iya share diski. Sannan a ranar da Windows 10 ta yi sallama, 14 ga Oktoban 2025, facin KB5066835 na Windows 11 ya sa kibod da linzami masu USB suka daina aiki a cikin ɗakin gyaran. Mai kwamfutar tebur zai ga zaɓuɓɓukan a gabansa ba shi da abin dannawa. An fitar da gyara cikin mako guda, amma darasin ya fito fili: ɗakin gyaran da ke kan diski ɗaya da abin da ya lalace ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. Filash mai gigabait 8 da aka haɗa da Media Creation Tool, manhajar Microsoft ta haɗa filash ɗin girkawa, tun ana lafiya yana ɗauke da nasa ɗakin gyaran, ta zaɓin Repair your computer.

Ƙofa ta uku ita ce wadda in ta rufe babu mai buɗe ta, wato BitLocker. Aikinsa hargitsa duk abin da ke kan diski yadda ɓarawo ba zai iya karantawa ba. Mabuɗin yana cikin TPM, shi kuma TPM ba ya sakinsa sai ya ga na'urar ta tashi yadda ya saba gani. In aka taɓa BIOS, ko aka sauya Secure Boot, ko aka canja madabod, ko aka cire diskin aka kai wata kwamfuta, sai ya riƙe, allo ya nemi lambobi 48. Faci ma kan jawo haka, kamar yadda ya faru a Yulin 2024, da kuma Mayun 2025 a wasu na'urorin Windows 10. Daga zubin 24H2, sabuwar girkawa tana kunna wannan kulle da kanta a na'urori da yawa, har da na Home, da zarar an shiga da asusun Microsoft. Ana ajiye kwafin lambobin a cikin asusun, a shafin account.microsoft.com/devices/recoverykey.

Tambayar da ke yanke hukunci ita ce, asusun wa? A wurinmu abu ne sananne mai sayarwa ko mai gyara ya buɗe wa mutum imel a tsaye don a wuce matakin, ko ya saka nasa, mai na'ura ya tafi da lambar PIN kawai. Shekara biyu bayan nan babu wanda ya tuna adireshin, layin wayar da aka yi rajista da shi ma ya ɓata. Microsoft da kansa ya ce ba zai iya ƙirƙiro mabuɗin da ya ɓace ba, kuma babu wani gwani a kowace kasuwa da zai fasa shi. Wanda ya ce zai iya, fomatin zai yi. Lokacin da gurɓataccen fayil na kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 ranar 19 ga Yulin 2024, gyaran bai wuce shiga Safe Mode a goge fayil ɗaya ba. Abin da ya tsawaita wahalar a manyan kamfanoni shi ne bin na'urori ɗaya bayan ɗaya ana neman lambobin kowace. In masu ma'aikatan fasaha na musamman sun sha wuya haka, ina ga malamin makarantar da bai san diskinsa a kulle yake ba? Dubawa ba ta ɗaukar minti biyu: umarnin manage-bde -status zai nuna ko diskin a kulle yake, in haka ne a nemo lambobin a rubuta su a takarda, a ajiye inda ake ajiye takardun fili.

Idan kwamfuta ta riga ta ƙi tashi, jerin aiki yana da muhimmanci fiye da ƙwarewa. Ana fara ceto kaya ne kafin a fara gyara. Filash mai ɗauke da Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda nau'o'in Linux ne, yana iya tayar da na'urar ba tare da ya girka komai ba, ya buɗe diskin, a kwashe abin da ke cikin Users zuwa wani diski na waje. In BitLocker na kunne za a buƙaci lambobin nan, in ba ya kunne ko kalmar sirri ba za a nema ba. Bayan an ga fayilolin da ido a wani wuri, an buɗe biyu-uku an tabbatar suna buɗuwa, sai a cire duk abin da ke jone, a mayar da BIOS yadda yake, a gwada gyaran tashi, a gwada cire sabuntawar ƙarshe. In duk sun ƙi, akwai Reset this PC tare da zaɓin barin fayiloli, wanda ke share manhajoji ya bar takardu. Girkawa daga tushe ita ce ta ƙarshe, ko a nan ma in ba a goge yankin diskin ba, mai girkawar kan tattara tsohon kayan ya zuba a Windows.old.

Ban ɗora wa masu gyara laifin duka ba. Fomatin aikin awa ɗaya ne mai tabbataccen sakamako, ceto fayiloli kuwa yana iya cin yini, mai kaya kuma kuɗin awa ɗaya ya zo da shi yana tsaye yana jira. Amma akwai haƙƙi a kan mai gyara ya tambaya, "Akwai abin da kake buƙata a ciki?" ya kuma faɗi gaskiya cewa ana iya fitar da shi in za a biya lokacin. Mai kaya shi ma yana da damar cewa kada a goge komai sai ya ga fayilolinsa a kan filash. Akwai ma wani dalilin da zai sa a yi hattara da fomatin a kan laftof ɗin hannu. Wasu daga cikinsu har yanzu suna cikin rajistar kamfanin da ya fara mallakarsu, ta tsarin Autopilot. Suna aiki lafiya a hannun mai saye har ranar da aka girka sabuwar Windows aka jona intanet, sai allo ya kawo sunan wani kamfani na ƙasar waje ya nemi imel ɗin ma'aikacinsa. Cire na'urar daga rajistar kuwa yawanci sai ta hannun kamfanin.

Wanda na'urarsa ba ta cika sharuɗɗa ba, ba dole ne ya yi gaggawa ba. Shirin ƙarin wa'adin na masu Windows 10 zubin 22H2 ne, ana shiga da dala 30, ko da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kyauta ga wanda ya yarda ya ajiye saitinsa a asusun Microsoft. Ga wanda aikinsa bai wuce rubutu da intanet da kallon bidiyo ba, Linux Mint tana tafiya da kyau a kan EliteBook da ThinkPad na zubi na 6, ana kuma iya gwada ta daga filash kafin a taɓa diski. Mai dogaro da CorelDRAW ko Photoshop ko wata manhajar lissafi da ba ta aiki sai a Windows, shi lissafinsa daban ne: ko dai ya riƙe tsohuwar na'urar don wannan aikin kaɗai ya raba ta da intanet, ko ya fara tara kuɗin 'yar zubi na 8, ya kuma tabbatar a gaban mai sayarwa cewa ba ta da kalmar sirri a BIOS kuma ba ta cikin rajistar kowa.